Gaisuwa Bayan Hatimi

Bazara ce, irin wadda take shigowa da wuri ta zauna kamar ba ta da niyyar tafiya. A shekarar nan tun hantsi mutum yake neman inuwa, randar ofis kuwa sai an cika ta an sake cikawa kafin azahar. Shinkafar rani ta ɗauki ciki a fadamar Wurno, kuma duk wanda ya taɓa noma ta ya san a lokacin nan ne ba ta haƙuri da ƙishirwa. A cikin wannan bazara aka yi wata Alhamis da ba ta fita raina ba har yau. In na tuna ta nakan yi murmushi ni kaɗai, ko da yake a ranar ba wanda ya ga haƙoran wani sai can da yamma.

Ku da kuka shigo ƙungiyar nan daga baya kun tarar da abubuwa a shirye, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta muku wannan. A lokacin ni ce mai kula da ofishin ƙungiyarmu ta masu noman rani. Aikina shara, ɗebo ruwa da tarbar baƙi. Ban yi boko ina yarinya ba, sai da na yaye autana na shiga ajin yaƙi da jahilci, na koyi karatu da rubutu tare da matan unguwarmu. Da aka kawo kwamfuta ofis aka koya mini bugawa, don ni ce kullum ake samu a wurin. Da yatsu biyu nake bugawa, har gobe. Kowa Inna Ige yake ce mini, ban da manya, su Ige kawai suke cewa.

Ga yadda aikin yake. Ruwanmu daga dam ɗin Goronyo yake zuwa, ofishin ruwa kuma shi ke raba shi bi da bi tsakanin ƙungiyoyi. In wata ƙungiya tana son a buɗe mata ƙofar kanal ba a ranarta ba, dole shugabanta ya nema a rubuce. Da can takarda ake kaiwa a mota, daga baya aka koma imel. Ana nan sai wani, wanda har yau ba a san ko wane ne ba, ya aika imel da sunan wata ƙungiya ta wajen Rabah, ya ce wai sun yafe ruwansu na makon. Aka karkatar da ruwan. Kafin a gano ƙarya ce albasar bayin Allah ta sha wuya. Daga nan ofishin ruwa ya ce ba zai ƙara aiki da saƙon da ba shi da hatimin kwamfuta ba.

Hatimin nan ba irin na tawada ba ne. An ba kowane shugaba wani ɗan makulli kamar babban yatsa, da lambobin sirri da shi kaɗai ya sani. In an gama rubuta saƙo sai ya cusa makullin a jikin kwamfuta ya danna lambobinsa, sai wasu haruffa cakuɗe su fito a ƙarƙashin rubutun, kamar kaji sun bi ta kan shanya. Haruffan nan su ne hatimin. Sai a kwashe rubutun da hatimin gaba ɗaya a zuba a imel a aika. A can Goronyo kwamfutarsu za ta gwada. In daga makullin shugaba ya fito, kuma ba a taɓa komai ba, sai ta nuna kore. In an canza ko da ɗigo ɗaya ne bayan an buga, sai ta nuna ja. Ranar da aka zo koya mana an maimaita wannan har sai da na haddace. Sakatarenmu, Malam Haliru, yana wurin, amma a kujerar gaba ya zauna, kuma kun san abin da fanka ke yi wa dattijo bayan ya ci tuwon shinkafa.

Malam Haliru mutumin kirki ne, sa'an mahaifina. Gidansu gidan malamai ne da magatakarda, shi ma ya daɗe yana rubuta wa hakimi wasiƙu kafin ya yi ritaya ya zo ya riƙe mana sakatare. In ya tsara magana sai ka ji kamar a rataye ta a bango. Shugabanmu kuwa, Alhaji Buba, manomi ne tun daga rawani har takalmi, ba ya son doguwar magana. In ka gaishe shi ka kai ga tambayar iyali, ya riga ya kai bakin ƙofa.

A makon nan gefen kanal ya fashe a sama da mu, ruwan da ya kamata ya iso layin ƙarshe ya zube a hanya. An toshe wurin, amma ranarmu ta wuce. Layin ƙarshe kuwa yawanci gonakin mata ne da masu ƙaramin ƙarfi, har da 'yar gonar da ni da 'ya'yana muke ci daga cikinta. Ƙasa ta fara darewa, ganyen shinkafa ya fara nannaɗewa. In aka jira zagayowar ranarmu, buntu za mu girba.

Da safiyar Alhamis Alhaji Buba ya shigo a gaggauce, zai tafi Kwargaba ta'aziyyar wani amininsa. Malam bai iso ba, ya biya Achida. Alhaji ya tsaya a kaina ya ce, "Ige, rubuta. Zuwa ga Injiniya Tukur, ofishin ruwa. Ruwa ya yanke a layin ƙarshe. Shinkafa ta ɗauki ciki. A buɗe muna ƙofa kafin Juma'a. Buba."

Na buga, na ɗago kai na ce, "Shi ke nan, Alhaji?"

Ya ce, "Mi yar rage? Ruwa nika so, ba aure ba."

Ya ciro makullin daga wuyansa, don a igiya yake rataye shi cikin riga, ya cusa, ya kare lambobin da hannu kamar mai kunna ashana a iska. Hatimi ya fito. A lokacin babu sabis, sai ya ce in Malam ya zo ya aika, ya hau mashin ɗinsa ya tafi.

Da hantsi Malam ya iso, ya yi sallama, muka gaisa yadda ya kamata, ya zauna ya sa tabarau. Na ga yana karantawa, na ga ya sake karantawa, sannan ya cire tabarau ya dube ni kamar na zubar masa da tawada a riga.

"Subhanallahi. Wa yar rubuta wanga abu?"

Na ce, "Ni ce, Malam, da bakin Alhaji."

"Ko sallama babu! Ige, kin san ɗan wa na Tukur? Gaban mahaifinai na durƙusa na ɗauki karatu. Yau a wayi gari takarda ta fita ofishin da nike sakatare, ta je hannun ɗanai tsirara haka? A buɗe muna! Bawanmu na?"

Na ce a hankali, "Malam, sun ce in an buga hatimi ba a taɓawa."

Ya yi mini irin murmushin da ake yi wa yaro. "Wa zai taɓa hatimi? Ga shi can ƙasa, lahiya lau, ko kusa da shi ba ni zuwa. Sama za ni gyara. Zamanin da nike rubuta ma hakimi, shi kan buga hatimi shi tahi abinai, ni in zauna in tsara magana. Haka aikin ga yake tun ba a haife ki ba."

Na sake cewa, "To, Malam, ni dai haka na ji sun ce." Daga nan na ɗauki tsintsiya. Sa'an mahaifinka in ya ce ya san aiki, iyakarka ka faɗa sau biyu.

Malam ya gyara zama. Ya fara da sunan Allah da salati. Ya gaida Injiniya da aiki, da zafi, da iyali, ya tambayi ƙafar mahaifinsa da ke ciwo, ya yi wa kakanninsa addu'a. Da ya iso wurin "a buɗe muna ƙofa" ya goge, ya sa "muna roƙon alfarma, in babu takura, a dube mu da idon rahama". Gaskiya ta yi kyau. Ni kaina da ya karanta mini sai da na ce ma sha Allah. Sabis ya dawo, ya aika, ya jingina ya ce in ba shi ruwa.

Bai gama shan ruwan ba wayarsa ta yi ƙara. Malam ba ya jin waya sai ya buɗe murya, don haka duk na ji.

"Baba Malam, ina wuni. Tukur na. Saƙo ya iso, amma hatimi ya nuna ja."

"Ja kuma? Ai ban taɓa shi ba."

"An taɓa rubutun da ke samanai, Baba. Hatimin ga da rubutun tare suke. In an canza ɗaya, ɗayan ya tashi aiki."

Malam ya miƙe zaune. "Tukur, kai yanzu ba ka gane maganata ba?"

Injiniya ya yi 'yar dariya ta ladabi. "Baba, tun layin farko na san kai na. Duk ƙasar ga babu mai tambayar ƙafar tsohona cikin takardar ruwa sai kai. Amma wancan da yay yi ƙarya bara, shi ma ya iya gaisuwa, har ayoyi ya sa. In na ce ma mai ƙofa shi buɗe bisa saƙo mai ja, gobe ni za a tsayar. Ku sake aikowa da hatimi mai kyau kafin a tashi aiki. Yau za a fitar da umarnin ƙarshen mako, in an tashi sai Litinin."

Shinkafar da na gani da asuba ba ta kai Litinin.

Malam ya ce abu mai sauƙi ne, a mayar da shi yadda yake. Sai dai a kan na asalin ya yi gyaransa, babu wani a ajiye. Ya goge gaisuwar yana tsaki kamar ana cire masa ƙaya, ni kuma ina faɗa masa kalmomin Alhaji, don na riƙe su. Kalmomi na riƙe, amma ban riƙe inda na sauka layi ba, ko inda yatsana ya bar fili. Muka aika. Waya ta sake ƙara. Ja.

Kafin nan magana ta fita, don ofishinmu ba ya riƙe sirri, tagarsa a bakin hanya take. Mutanen layin ƙarshe suka fara taruwa a gindin dogon yaro. A gabansu akwai Goggo Hassi, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin, wadda ko hakimi yana shakkar bakinta. Ta leƙo ta ce, "Haliru, mi nika ji? An ce ka gaida ruwanmu har ya koma."

Malam ya ce, "Hassi, ladabi na yi."

"To, Allah shi ba ka lada. Sai ka zo ka gaida shinkafata ita ma, ko ta ji sanyi."

Aka kira wayar Alhaji, ba ta shiga. Aka kira ta wani ɗan'uwansa a Kwargaba, ita ma shiru. Malam ya tashi ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa ya ce shi ya ɓata, shi zai je. Aka tsayar da Mode mai kabu-kabu. Ban taɓa ganin Malam a bayan mashin ba sai ranar. Ya riƙe hula da hannu ɗaya, ɗayan ya damƙe Mode kamar za a ƙwace masa shi.

Muka zauna jira. Na ba mutane ruwa, na sake cika randa. Azahar ta yi, muka yi salla. Rana ta fara karkata, ba su ba labarinsu. Ina ta leƙa sandunan sabis a kwamfuta, suna hawa suna sauka, ina addu'a a zuci kada su tafi lokacin da ake bukatarsu. Goggo Hassi ta ce, "Ige, ke ba ki magana?" Na ce, "Goggo, in na buɗe baki kuka za ni yi, gara in yi shiru."

Abin da ya tsayar da su, Mode ne ya ba mu labari daga baya. Da suka isa gidan makoki, Malam ya ga ba zai yiwu ya shiga taron ta'aziyya ya jawo mutum kamar ɗan sanda ba. Ya zauna, ya yi addu'a, ya bi dattawan wurin ɗaya bayan ɗaya yana yi musu gaisuwa. Da suka gane malami ne suka ce shi zai ja addu'a ta gaba. Ya ja. Aka kawo fura. Alhaji Buba yana can gefe yana jin daɗi, a zatonsa sakatarensa ya biyo shi ne don kara. Mode ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ya zagaya ta baya ya raɗa wa Alhaji, "Ranka shi daɗe, hatiminka ya yi ja." Alhaji ya ce ya ji kamar an watsa masa ruwan randa.

A waje, in ji Mode, Malam ya ce wa Alhaji ba sai ya bar makoki ba, ya ba shi makullin da lambobin kawai, shi zai ƙarasa. Alhaji ya dafe ƙirjinsa inda makullin yake ya ce, "Malam, saƙo na bar maka ka naɗa mai rawani. In bar maka makulli kuma? Hau mu tahi."

Ana kiran la'asar suka iso, mashin biyu, rigar Malam ta koma kalar hanya. Alhaji bai ko zauna ba ya ce, "Ige, rubuta wada munka yi da sahe."

Malam yana tsaye a bayansa, murya ƙasa ƙasa, ya ce, "Alhaji, ko sallama dai."

"Malam!"

"Sallama kawai. Da ƙafar tsohon."

Na ɗauka Goggo Hassi za ta far masa, sai na ji ta ce daga taga, "Buba, a sa gaisuwa. Roƙo muka yi, ba sammaci munka kai ba. Amma Haliru, numfashi guda. Abin da ka faɗa cikin numfashi guda shi za a rubuta, in ka shaƙa na biyu an rufe."

Kowa ya ce ya yi. Abin da muka manta shi ne Malam mahaddaci ne, ya saba jan aya mai tsawo ba tare da ya tsaya ba. Ya gyara tsayuwa, ya ja iska har kafaɗunsa suka ɗaga, ya fara. Sallama, aiki, zafi, iyali, ƙafar tsoho, ya gangara kan 'yan'uwan Injiniya na Sakkwato. Jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya yi ja, bai tsaya ba. Mutanen waje suka fara ƙirga masa da tafi. Ni kuwa yatsuna biyu suna bin sa a guje kamar masu korar kaza. Da iskar ta ƙare ya dafa tebur yana haki, Goggo ta ce, "An rufe!" A nan ne aka yi dariyar farko a ranar, har Alhaji.

Na ƙarasa da kalmomin Alhaji yadda ya faɗe su, ba a sassauta ko ɗaya ba. Na karanta duka da ƙarfi kowa ya ji. Alhaji ya duba hagu da dama ya ce, "Akwai mai sauran magana? In na buga, ko ni ba ni taɓawa." Ya cusa makulli, ya danna lambobi, hatimi ya fito. Malam ya mayar da hannayensa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, ya ce, "Ige, ke aika." Na kwashe a hankali na zuba a imel. Sabis ya rage sanda ɗaya. Saƙon ya tsaya yana juyi, ya yi ta juyi, sannan ya tafi.

Ba a daɗe ba waya ta yi ƙara. Malam ya buɗe murya.

"Baba Malam, kore na. Na sa hannu, mai ƙofa zai buɗe da magariba. Kuma ƙafar tsoho da sauƙi, za ni gaya mai ka tambaya."

Malam ya dubi Alhaji ya ce, "Ka ji ko? Da ba a tambaya ba, ina za mu sani?"

Alhaji ya ce, "Da ba a tambaya ba, da yanzu ruwa ya kai gwiwa."

Tun daga ranar ne aka kafa dokar da kuka tarar, wadda wasunku ke yi wa dariya ba su san asalinta ba: gaisuwa numfashi ɗaya, a karanta kowa ya ji, sannan hatimi, bayan hatimi kowa ya janye hannu. Ni abin da na ɗauka daga ranar shi ne, hatimin nan bai san Malam ba, bai san mahaifin kowa ba, kuma don haka ne aka kawo shi. Mu a nan mun saba gane mutum da muryarsa da irin gaisuwarsa, to mai son cutar mu shi ma ya san haka. Amma ban ga laifin Malam a zuciyata ba. Kwamfuta ba ta hana mu ladabi ba, cewa ta yi a yi shi da wuri. Malam ya ci gaba da sakatare shekaru bayan nan, kuma duk sabon ma'aikacin da ya zo shi ke fara gaya masa kada ya taɓa saƙo bayan hatimi, da murya irin ta wanda bai taɓa yi ba.

Washegari da na idar da sallar asuba ban nufi ofis ba. Na ɗauki fartanya na gangara layin ƙarshe. Kanal ɗinmu a bushe yake har lokacin, don ruwa yana daɗewa kafin ya iso wurinmu. Na tarar da Goggo Hassi zaune a kan kunya, muka gaisa na zauna kusa da ita. Gari ya fara haske sai muka ji wani ɗan sauti kamar ana yayyafi a kan kara. Ga shi nan tafe a hankali, yana turo busassun ganye a gabansa, yana tsayawa ya cika kowace tsaga kafin ya wuce. Na bar Goggo ta fara buɗe nata, don ita ce babba. Sannan na sa fartanya na yanke bakin fangalin shinkafata, na tuɓe takalmi na tsaya a ciki har ruwan ya rufe mini idon sawu.